Kundin Aiki: Zanen Fuska Bisa Hanyar Mutanen Holan na Ƙarni na 17

2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda zanen hoton Baffana yake tafiya, wanda na ƙudiri niyyar yi bisa hanyar da masu zanen ƙasar Holan suka bi tsakanin shekarun 1620 da 1670. Na daɗe ina aiki da fentin mai, amma irin na kai-tsaye, inda ake haɗa launi a shafa a kan farin yadi, a gama a zama ɗaya ko biyu. Su kuwa mutanen Holan hawa-hawa suke gina hoto. Sukan fara shimfiɗa wa yadin launi, su fitar da haske da duhu da ruwan ƙasa, su bari ya bushe, sannan su bi shi sashe-sashe da launuka, daga ƙarshe su yi 'yan gyare-gyare. Abin da nake so hannuna ya tabbatar mini shi ne ko hasken da ake gani a fuskokin da Rembrandt da Frans Hals suka zana yana fitowa ne daga abin da ke kwance a ƙarƙashi, kamar yadda nake zato, ko kuwa daga fentin da ke sama.

A Jamhuriyar Holan ta wancan zamani coci-cocin mabiya Calvin ba sa rataye hotuna, saboda haka masu zane suka dogara da 'yan kasuwa, da likitoci, da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, da dakarun sa-kai na birane. Waɗannan mutane suna biya ne domin a fitar da kamanninsu da mutuncinsu, cikin baƙaƙen tufafi masu tsada da farar kwala. A 1639 an biya Rembrandt gilda 500, kuɗin Holan na lokacin, a kan hoton Andries de Graeff na tsaye, alhali ƙwararren mai sana'ar hannu bai wuce samun kusan gilda ɗaya a yini ba. Baffa tsohon ɗan kasuwar yadi ne, kuma ya amince zai zauna mini cikin rigarsa kore, wato baƙar riga mai rinin shuni da bugu, da farin rawani. Baƙin tufa, da farin ƙyalle kusa da fuska, da bango mai duhu: matsalolin da zan fuskanta su ne dai waɗanda suka fuskanta. Girman hoton zai kasance santimita 70 a tsaye, 55 a kwance, daga ƙirji zuwa sama.

6 ga Nuwamba

Sayen kaya. Lilin irin nasu bai samu ba, sai na ɗauki kanbas na auduga mai matsattsiyar saƙa, yadi biyu a kan naira 9,000. Kafinta ya haɗa firam biyu a kan naira 13,000, man linsid, wanda ake dama fenti da shi, ya ci 15,000, gam na fata da alli 5,500, fenti na kwalba kuwa, wato fari da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa mai duhu da ja mai garai-garai, ya tashi 34,000. Jar ƙasa da baƙi ni zan haɗa da kaina.

Farin da suka yi aiki da shi na dalma ne. Sukan naɗe fallayen dalma su sa a tukwane masu ruwan kal a gindi, su binne cikin kashin doki na tsawon makonni, har dalmar ta yi farin ɓawo, a kankare a niƙa. Wannan fari yana bushewa da wuri, yana da ɗumi a ido, yana kuma jan zare a bakin buroshi. Ba zan haɗa shi a gida ba, domin garinsa guba ne kuma akwai yara a gidan, sannan ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Zan yi amfani da farin titaniyam gauraye da alli, ina sane da cewa halinsu ba ɗaya ba ne.

11 ga Nuwamba

Na wanke jar ƙasar da na samo wurin masu ginin tukwane. Na dama ta cikin bokiti, na bar tsakuwa da yashi suka kwanta, na tsiyaye jan ruwan cikin wani mazubi, bayan ya kwana na zubar da ruwan sama na shanya laushin. Na kuma ƙone ƙasusuwan saniya da aka dafa aka cire musu maiƙo, cikin rufaffen gwangwani mai ƙaramar huda, a tsakiyar garwashi. Dole a hana su iska, in ba haka ba farar toka za su zama maimakon baƙi. Niƙan baƙin a kan gilashi ya ci mini yamma guda.

15 ga Nuwamba

Yadin farko ya lalace. Na ɗaure shi a firam, na shafa masa gam na fata domin kada mai ya ratsa zaren ya ruɓar da shi, washegari na tarar ya ɗaure tamau har firam ɗin ya karkace, da na danna bayansa da yatsa kuwa sai gam ɗin ya yi tsatsattsage. Dalilin a fili yake. Gam na fata yana shan laima ya saki, yana rasa ta ya takure da ƙarfi, ga shi hunturu ya kama, iskar Kano ta bushe ƙayau. Ma'aunin da aka saba bayarwa, kashi ɗaya na gam cikin kashi goma na ruwa, ya fi dacewa da ƙasa mai damshi irin Holan. A yadi na biyu na tsinka shi sosai, na shafa sama-sama da ɗuminsa, na kuma bar kwanon ruwa a ɗakin. Sannan na kwaikwayi wata dabararsu da ake gani a hotunan da suka zana na ɗakunan aikinsu: maimakon a kafe yadi da ƙusa, sai a ɗaure shi da igiya a cikin firam da ya fi shi girma, ta yadda za a iya sassauta shi ko a ƙara ja gwargwadon yanayi. Wannan ya yi aiki. Asarar ta tsaya a yadi ɗaya da gyaran firam na naira 2,000.

18 ga Nuwamba

Shimfiɗa ta farko: jar ƙasa da man linsid, na shafa da wuƙar fenti ina dannawa domin ta cike ramukan saƙa.

25 ga Nuwamba

Jar shimfiɗar ta bushe, na goge ta da sanfefa mai laushi, na ɗora ta biyu, ruwan toka, daga fari da ɗan baƙi da ɗigon ruwan ƙasa. Wannan shimfiɗa mai hawa biyu, ja a ƙasa toka a sama, ita ce aka fi samu a yadukan Rembrandt na shekarun 1630. Jar ƙasa tana da araha, ita ke cike yadi, farin dalma mai tsada kuma a tanade shi domin hawan sama. A kan katako tsarin dabam ne: itacen ok da ake kawowa daga yankin tekun Baltik, a shafa masa alli da gam siriri, a bi da launi mai ruwan zuma. Daga wajen 1640 kuma Rembrandt ya fara amfani da wata shimfiɗa ta yumɓu mai garin ƙanƙarar dutse, wadda aka samu a babban hotonsa na dakarun Amstadam na 1642.

Tun yanzu na ga wani abu da ban taɓa gani a farin yadi ba. Tokar ba ta mutu ba, domin jan da ke ƙasa yana hudowa ta cikinta kaɗan-kaɗan, kuma da na ɗiga fari a gefe sai ya haska nan take. A farin yadi mai zane yana ta faman rage haske ne, a nan kuwa tsaka-tsakin launi yana nan a shimfiɗe, abin da ya rage a hau sama zuwa haske, a sauka ƙasa zuwa duhu.

1 ga Disamba

Na shirya ɗaki. Tagar tana kallon arewa, kuma a wannan lokaci na shekara rana tana bi ta kudu, saboda haka ba ta shigowa kai-tsaye, hasken yakan tsaya daidai daga hantsi zuwa la'asar. Babban ɗakin aikin Rembrandt a gidan da ya saya a 1639 a titin Jodenbreestraat shi ma arewa yake kallo. Na toshe rabin tagar na ƙasa da kwali, kamar yadda suke rufe ƙyauren ƙasa, domin haske ya sauko daga sama ta hagu. Da Baffa ya zauna na ce, "Baffa, ku ɗan juyo da kafaɗa wajen ƙofa, fuska kuma wajena." Nan da nan inuwar hanci ta haɗu da ta kunci, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren duhu.

Wannan haske na hagu har tsarin hotunan ma'aurata ya shafa. Bisa al'adarsu ana rataye hoton miji a hagun mai kallo, na mata a dama, suna fuskantar juna, shi ya sa fuskar matar takan sha haske sosai, ta mijin kuma rabinta cikin inuwa. Haka yake a hotunan Marten Soolmans da matarsa Oopjen Coppit da Rembrandt ya zana a 1634, waɗanda Faransa da Holan suka haɗa kuɗi suka saya a kan yuro miliyan 160. Na zaunar da Baffa a mazaunin miji.

3 ga Disamba

Na fitar da surar da ruwan ƙasa mai duhu da aka tsinka, ba tare da zanen gawayi mai yawa ba. Wannan mataki shi suke kira mataccen launi. Inuwa siririya ce har ana hango shimfiɗa, wuraren haske na rawani da goshi na taɓa su da ɗan fari, sauran na bar wa tokar. Ruwan ƙasar nan yana ɗauke da sinadarin manganis mai gaggauta bushewar mai, don haka gobe zai taɓu.

5 ga Disamba

Gyaran tazarar ido da faɗin haɓa. Kamanni sun zauna.

9 ga Disamba

Na yi bango. Suna farawa ne daga baya su taho gaba, su bar gurbin mutum, sannan gefen tufa ya ɗan hau kan bango. Na sa bangon ya fi duhu a ɓangaren da fuska ke da haske, ya ɗan washe a bayan kafaɗar da ke inuwa, domin kan ya rabu da shi ba tare da an ja layi ba. Na kuma bi al'adarsu ta haɗa launukan sashe ɗaya kawai a rana. A hotunan da suka zana kansu ana ganin allon haɗa launi ƙarami ne, mai 'yan launuka kaɗan, domin kullum ake niƙa fenti, ragowar a ɗaure cikin mafitsarar dabba. Kwalbar fenti ta matsawa sai a 1841 aka ƙirƙiro ta.

14 ga Disamba

Rigar ta ba ni wahalar da ta fi ta ko'ina zuwa yanzu. Na shimfiɗa baƙin ƙashi gauraye da ɗan ja mai garai-garai a wuraren da suka fi zurfi, na fitar da lanƙwasar tufa da toka-toka mai duhu tun fentin yana ɗanye. Ya yi kyau a ranar. Amma baƙin ƙashi yana shan mai da yawa kuma ba ya son bushewa, shi ma jan haka, man linsid kuwa ba tashi yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha a hankali har ya daskare. Cikin daren hazo ya sauka, ƙura ta shigo ta saman tagar da na bari a buɗe domin iska, ta kwanta a kan ɗanyen fentin. Da safe rigar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, da aka haska ta daga gefe kuwa duk ƙwayoyin ƙura ne a maƙale. Na gwada tsince su da bakin allura, abin ya faskara, sai na kankare sashen gaba ɗaya da wuƙa, na goge da tsumma mai ɗan tafentin, wato ruwan tsinka fenti, ina lallaɓawa kada in cinye mataccen launin da ke ƙasa. Ya ɗan ci a kafaɗar dama, na mayar.

Matakan da na ɗauka: kafinta ya yi mini akwatin falanki mara zurfi mai murfin gidan sauro ninki biyu, naira 11,000, inda hoton zai riƙa kwana a jingine yana kallon ƙasa, ina yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa kafin in fara aiki, sannan na ƙara ɗan ruwan ƙasa mai manganis cikin baƙin domin ya ja shi su bushe tare.

20 ga Disamba

Na sake rigar, ta kuma bushe lafiya. Vincent van Gogh ya rubuta wa ƙanensa a 1885 cewa Frans Hals yana da baƙi har iri ashirin da bakwai, kuma duk wanda ya ƙura wa hoton dattawan matan nan masu kula da gidan tsofaffi na Haarlem ido, wanda Hals ya zana wajen 1664, zai ga ba zuguguwa ba ce. Baƙin siliki dabam, na ulu dabam, na karan-miski dabam, kuma bambancin yana ga yadda kowanne ke mayar da haske. Kore tana da nata hali, domin bugu ya sa mata sheƙi mai ɗaukar shuɗi da ɗan ja-ja. Na sayo shuni na naira 1,500 a wajen marina ta Ƙofar Mata, na wanke na niƙa da mai. Wannan bai saɓa wa hanyarsu ba, tun da shuɗin ɗamarar dakarun da Hals ya zana a Haarlem shuni ne gauraye da farin dalma, irin wanda jiragen Holan ke kawowa daga ƙasashen waje. Ƙarfinsa ya ba ni mamaki, ɗan abin da bakin wuƙa ya ɗauka ya rine farin da ya ninka shi sau da yawa. Na sa shi a bakin lanƙwasa kawai, inda sheƙi yake.

23 ga Disamba

Rawani. Na bi dabarar da Rembrandt ya yi wa kwalar leshi a shekarun 1630, inda yakan shimfiɗa fari gaba ɗaya sannan ya zana ramukan leshin da baƙi a kai, maimakon ya bi zare ɗaya-ɗaya. Na shimfiɗa farin da kauri a wurin haske, na ja layukan naɗi da toka mai ɗumi. Inda farin ya yi siriri a kan duhu da kansa ya koma shuɗi-shuɗi, ba tare da na sa shuɗi ba, kuma wannan ne ya ba ni inuwar rawanin.

29 ga Disamba

Fuska, zama na farko. Da Baffa ya duba sai ya ce, "Ɗana, kamanni sun fito, amma wannan fatar ta mai jinya ce." Na ce, "Gaskiyarku, Baffa, haka ni ma na gani." Fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Abu biyu ne suka haɗu. Haɗin da aka saba ambatawa na fatar Turawan Holan yana farawa ne daga farin dalma, a ƙara ruwan ɗorawa da ja, ni kuwa ko da na rage farin, na bar shi yana shiga kowane mataki na haske. Na biyu, titaniyam ya fi dalma rufewa da sanyi nesa ba kusa ba, yana kashe ja da ruwan ƙasa da zarar ya taɓa su. Na goge tun bai kama ba.

Na koma kan hotunan baƙaƙen fata da masu zanen ƙasar suka yi da mutum a gabansu. Akwai na Jan Mostaert na wani Ba'afirke, na wajen 1525 zuwa 1530, a gidan tarihi na Rijksmuseum. Akwai na Dom Miguel de Castro, jakadan da aka aiko daga yankin Kongo wajen 1643, wanda ke Kopenhagen yanzu. Sai na Rembrandt na 1661, mutum biyu 'yan Afirka, a Mauritshuis da ke birnin Hague, kuma an san cewa akwai 'yantattun baƙaƙe da ke zaune a unguwar da ya zauna a Amstadam. Wannan na ƙarshe shi ya warware mini matsalar. Fentinsa siriri ne, launukansa ba su wuce dangin ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa ba, fuskokin suna samun haskensu ne daga ɗumin da ke hudowa daga ƙasa, hasken da ya fi ƙarfi kuma an taƙaita shi a 'yan wurare. A fata mai duhu, abin da ido ke gani a goshi da karan hanci sheƙin taga ne a saman fata, launin fatar kansa bai canja ba, saboda haka ba daidai ba ne a dama su wuri ɗaya.

4 ga Janairu, 2025

Na sake fuskar bisa wannan fahimta. Na fara da jar ƙasa da ruwan ɗorawa ba fari ko kaɗan, a duk inda haske ke sauka, ya fi yadda fatar take haske da ɗumi. Zan bari ya bushe.

10 ga Janairu

Na lulluɓe wancan hawa da siririn ruwan ƙasa da ja mai garai-garai, mai ɗan yawan mai fiye da na ƙasa, domin ƙa'ida ce kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa maiƙo, in ba haka ba na sama ya riga bushewa ya tsage. Haske yana ratsa wannan lulluɓi, ya bugi jan da ke ƙasa, ya dawo, sai fatar ta yi zurfi da jini a jika, abin da haɗin launi a kan allo bai taɓa ba ni ba. Inuwar kunci kusan ban taɓa ta ba, mataccen launin 3 ga Disamba ne yake aiki a wurin, kuma a gefen muƙamuƙi tokar shimfiɗa ce ke bayar da hasken da rawani ke mayarwa. Daga nan na ɗora sheƙin taga da toka mai ɗan shuni, da kauri, a goshi da karan hanci da leɓen ƙasa, ban murje gefensa sosai ba. Furfurar gemu na karce ta da gindin buroshi a cikin ɗanyen fenti, yadda Rembrandt ya yi wa gashinsa a hoton kansa na wajen 1628. Baffa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yanzu kam ni ne."

Karel van Mander, mai zane kuma marubuci, ya rubuta a 1604 cewa hanyar zane biyu ce, mai santsi da mai kaushi, ya kuma shawarci masu koyo su fara da mai santsi. Bartholomeus van der Helst ya yi suna a Amstadam da ta farko, Hals da Rembrandt na ƙarshen rayuwa suka bi ta biyu. Ni na karkata ga mai kaushi, amma aikin nan ya nuna mini cewa shawarar tana da tushe, domin bugun buroshi guda da ake yabo yana zama daidai ne kawai idan hawa uku da ke ƙarƙashinsa sun riga sun ɗauke nauyin sura da haske.

16 ga Janairu

Wasu wurare a bango da riga sun dushe, shimfiɗar ta tsotse musu mai, allin da na gauraya da fari ya ƙara abin. Na shafa musu man linsid ɗan ƙanƙani da tafin hannu, na goge ragowar da tsumma, launi ya dawo. Na gyara kunnen hagu da bakin rawani inda ya hau goshi.

21 ga Janairu

Na tsayar da aiki a kan wannan hoto. Jimillar abin da na kashe ta kama naira 91,000, ban da buroshin da nake da su. Banish, wato man sheƙin da ake bin hoto da shi a ƙarshe, sai bayan wata shida, lokacin da fentin ya bushe har ciki, kafin nan zai zauna a akwatinsa, ina fito da shi ya sha hasken ɗaki domin man linsid yana yin ruwan ɗorawa idan ya daɗe a duhu.

Mataki na gaba hannaye ne, waɗanda na kauce musu a wannan karo. Zan yi nazarin hoton Jan Six da Rembrandt ya zana a 1654, inda yake sa safar hannu, kuma hannun da safar duk da 'yan bugun buroshi aka fitar da su. Zan gwada a kan katako mai shimfiɗar alli da gam domin in kwatanta shi da yadi, na kuma yi wa kafinta maganar busasshen maɗaci mai faɗin santimita 30, a yanka shi ta yadda ba zai kumbura ba. Gam ɗin zan jira sai hazo ya ɗaga kafin in dafa shi. Baffa ya ce zai riƙe carbinsa a zaman, wanda zai ba ni yatsu a lanƙwashe da ƙananan wuraren sheƙi da zan gwada haɗin tokar nan a kansu.